Muryar da Ba Ta San Keji Ba

Wata uku ina nazarin ƙananan tsuntsayen birnin Guangzhou na China, musamman wani mai baƙin kai da farin kumatu. Ranar Lahadi na ja abokan kasuwancina daga unguwar Xiaobei zuwa lambu, don su ga ilimi.

Muka ji kuka cikin ganye. Na ɗaga hannu.

"Shi ne! Ku ji muryar wanda bai san keji ba. Mu kuwa kullum muna ƙunshe a shaguna."

Alhaji Sani har da ajiyar zuciya.

Sai ga wani tsoho ya miƙa sanda, ya sauko da kejinsa daga reshen da kukan ke fitowa. Tsuntsun ciki ma kore ne.

Har yau, ko kaza aka kawo a faranti, sai Alhaji ya ce, "Malam, wannan ta san keji?"