Man Ƙafa

"Lafiya lau, tsohuwa. Ya gwiwa?"

"Gwiwa ta gode maka. Kai kuma me ya zaunar da kai a ƙasa da sassafen nan? Koro ka aka yi daga ɗaki?"

Mai tambayar Dada Habibatu ce. Ta fito ƙofar gidansu da ke Ƙofar Dumi, ta yafa mayafi, ta rungumi ƙullin tsaraba, ba abin da take jira sai tafiya. Na zaune a ƙasan kuwa jikanta ne Mika'ilu, direban akori-kura mai jan ƙafa huɗu, irin motar da ita kaɗai ke iya shiga rugarsu da damina. An aiko cewa wanta Hammawa ya kwanta, ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa, kuma sunanta yake ta kira. Akwai rafi a hanya, in ruwa ya riga su sauka to sai dai wani makon. Ga gabas ta fara haɗa rai, motar kuma tana kan jak, tayar gaba na kwance a gefe.

"Yau ka ce za ka kai ni, shi ne ka tashi ka gutsure mata ƙafa?"

"Ba ki ji kukan da take yi ba? Guu, guu, kamar munsharinki."

"Ni ba na munshari. Kakanka ne mai munshari, Allah ya jiƙansa, kuma duk gadon da ya bar maka ke nan."

"Amin. Na girgiza tayar na ji tana wasa. Ruwa ya shiga hob ɗin nan, inda taya ke zama, ya wanke maiƙon boris. In na bari ya bushe ya yi zafi, ƙafar nan sai ta fice ta riga mu isa ruga."

"To ta je ta gaida Hammawa mana, tun da ta fi mai ita zumunci."

Mika'ilu ya tsamo boris ɗin daga kwanon kananzir, wani zobe mai 'yan ƙarafa jere a ciki, ya juya shi da yatsa yana saurare. Bai cinye ba, bushewa ce kawai. Ya goge shi da tsumma, sannan ya miƙa mata hannu.

"Ba ni ajiyata."

"Wace ajiya? Ko allura ka taɓa ba ni?"

"Robar da na ba ki ran Talata."

"Au, maganina? Kyauta ce za ka karɓe? Kai, Allah ya haɗa ni da miji marowaci."

"Wane magani?"

"Da bakinka ka ce, 'Dada, ga man ƙafa.'"

Hannun Mika'ilu ya tsaya cak a sama. Gaskiya ce, haka ya faɗa, yana sauri zai fita. Shi dai a bakinsa ƙafa ta mota ce, ya manta akwai mai gwiwa a gidan.

"Dada! Giris ne fa! Na ƙafar mota!"

"Ka ce ta mota? Ƙafa ka ce. A gidan nan ƙafar wa ke ciwo?"

"Shafawa kika yi?"

"Safe da yamma. Kuma ka ji gwiwar shiru, ta daina ƙara. Jiya har ruku'u na yi ban dafa bango ba."

"Ba ki ji warinsa ba?"

"Magani ne, da ƙamshi zai yi? Na ɗiba wa Lailatu ta makwabta, na ɗiba wa A'i mai ƙosai. Duk unguwar nan an san angona ya yi hankali, ya tuna da ni."

Nan ne wasan ya ɗan tsaya wa Mika'ilu a wuya. Tun bara take kukan gwiwar nan, kullum sai ya tambaye ta ya gwiwa, amma ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa a kemis dominta ba. Kunya ta kama shi sosai, sai ya ɓoye ta da tsiya.

"Shi ya sa na ga tsofaffin layin nan suna gudu ba birki. Saura nawa?"

"Ya ƙare."

"Mutuniyar da ke lasar murfin kwalbar zuma ce za ta ƙarar da roba guda?"

"Ka sa man shanu. Ina da mai kyau."

"Mu isa ruga da soyayyen boris? Dada, shagunan kayan mota na Gwallaga ba su buɗe ba. Dubi sama."

Ta ɗaga kai ta duba. Ta jima tana jujjuya ƙullin da ke hannunta, sannan ta tsuguna ta kwance. Can tsakanin goro da sabulu sai ga robar, an naɗe ta da ƙyalle mai tsabta, da saura kusan rabi.

"Na Hammawa ne," ta faɗa a hankali. "Na ce ko shi ma zai tashi."

Mika'ilu ya karɓa da hannu biyu.

"In ƙafar nan ba ta sha ba, ba za mu ga tasa ba."

Ya lakato giris ya zuba a tafin hannu, ya dinga danna boris ɗin a kai har maiƙon ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ya mayar da shi mazauninsa, ya ɗaure noti tamau, ya ɗan sassauta, ya maida taya ya juya ta. Ta yi ta juyawa shiru. Dada na tsaye a kansa tana lissafin abin da yake ɗiba.

"Almubazzari! Ni da ɗan yatsa nake shafawa."

"Ke ai tsohon yayi ce, ba kya cin mai. Shiga mu tafi. Zan tsaya a kemis in sayo na mutane, kwalba biyu, taki da ta Hammawa."

"Sai da mota ta roƙar mini?"

Ya yi dariya, ya ɗaga hannayensa baƙi ƙirin.

"Na sallama, amarya. Kin ci."

Ta ɗauke robar daga ƙasa, ta leƙa ɗan abin da ya rage a gindinta, ta rufe ta cusa cikin ƙulli.

"Sayo naka mu gani. Wannan dai na gwada shi."