Ranar da Buta Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da zan manta sunana. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, aka tura ni wata Islamiyyar matan aure a Tarauni in yi musu bayanin yawan matsuwar fitsari. Malamarmu, Sista, tana gefe da biro. Makin ranar ne zai sa in wuce ko in maimaita.

Ɗoki kamar in tashi sama! Na haddace komai. A Gyadi-Gyadi, kafin in hau adaidaita, na shanye zoɓo mai sanyi gora biyu, wai don murya ta buɗe (kun ji mai ilimi).

Na tsaya gabansu ina ƙwambo: "Iyayena, ba laifin mafitsara kaɗai ba ne. Ƙwaƙwalwa ce mai ba da umarni. Wani lokaci mara ba ta cika ba, amma da kin ji ƙarar ruwa, ko kin zura makulli a ƙofar gida, sai ƙwaƙwalwa ta ce yanzu-yanzu!"

Kowacce ta sunkuyar da kai, ba wadda ta yarda tana da larurar. Na ga Sista tana hamma, sai rawar kai ta ce in gwada musu. Na ɗaga butar alwala sama, na shiga tsiyaya ruwa cikin roba, shaaa.

"Wa ta ji wani abu a mararta?"

Wallahi ni ce na ji.

Na harɗe ƙafafu ina murmushin yaƙe, ina ta "wato... wato..." Na yar da buta na kwasa a guje sai banɗaki, na tarar da mutum a ciki. Sauran labarin kuwa, farin yunifom ba ya rufa asiri.

Na dawo ina jan hijabi, ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Sai wata dattijuwa ta tafa hannu: "Ikon Allah! 'Yar nan, shekara nawa ina sake alwala sau uku kafin sallah ɗaya, ina ɓoyewa, na ɗauka tsufa ne. Ashe har ku ma'aikatan asibiti!"

Hannaye suka tashi ta ko'ina, aka yi ta tambayoyi har azahar.

Sista ta ce na wuce, sannan ta raɗa mini: "Mako mai zuwa darasin gudawa ne. Don Allah ki tsaya a bayani."

Na dai gane kunyar mutum ɗaya kan buɗe bakin jama'a. Amma gobe wata ta ɗauki nauyin, ni na yi nawa.