Famfon Tsakar Gidana Ya Cika

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro a bushe, ni Malam Dikko, tsohon malamin firamare a Birnin Kebbi, nake sanar da rasuwar famfon tsakar gidana. Ya cika ranar Talata da hantsi, mako biyu kafin azumin bana, 1987, ina tsaye a kansa da buta. Shekararsa tara a duniya.

Marigayin mai kunya ne. Ba ya magana sai an murɗa shi. A ƙuruciyarsa yakan cika tulu kafin mutum ya gama gaisawa da maƙwabci. Matata Maryamu, Allah ya jiƙanta, ta riƙe shi kamar ɗa, tana goge masa kai da toka, tana ɗaura masa tsumma a wuya in ya fara ɗiga.

Ciwon da ya kashe shi da shi aka haife shi. Masanan da suka tsara ruwan unguwarmu bututu ɗaya tak suka ja daga tanki, kamar igiyar shanya, suka rataya mu gida bayan gida, nawa ne na ƙarshe. Babu hanya ta biyu da ruwa zai zagayo. Sun kuma auna unguwar kamar matanta sun daina haihuwa. Gidaje suka ninka, kowa ya huda ya ja nasa, na gaba suna shayar da mangwaro, mu abin da ke iso mana tari ne: kof, kof, fuuu, sai ɗigo uku masu launin shayi.

Bututun kuma an shimfiɗa shi a zurfin da bai kai kamu ɗaya ba, ƙarƙashin hanyar da motocin albasa ke bi daga Argungu. Ya fashe. Makullin da za a rufe ruwa a yi gyara an daɗe da zuba kwalta a kansa. Takardar da ta nuna inda yake tana Sakkwato, a aljihun teburin wani. Sama'ila mai gyara, wanda shi kaɗai ya san wurin, ya yi ritaya ya koma noman shinkafa a Zauro, ba wanda ya ga ya dace a tambaye shi. Ma'aikata suka haƙa rami bakwai suna lalube. Mako uku ruwan sha yana malala a kwata, agwagin unguwa suka yi ƙiba. Da suka gaji, sai suka datse layinmu suka toshe, suka rubuta cewa an magance yoyon. Na karanta cewa Rumawa sun ratsa duwatsu da ruwa shekara dubu biyu da suka wuce. Mu gulbi na kwance a gindin gari yana kallonmu.

Ya rasu ya bar tulu biyu, buta ɗaya, bishiyar lemo da ta fara zubar da ganye, da ni, mai shekara sittin da takwas da gwiwar da ba ta ɗaukar bokiti daga ƙofa zuwa ɗaki.

Za a kwance kansa ranar Juma'a bayan la'asar. Ba za a yi masa wanka ba, dalili ba ɓoyayye ba ne. Za a sa shi a ɗaya daga ramukan nan bakwai, tunda har yau a buɗe suke. Masu ta'aziyya su zo da ruwan alwalarsu.

Washegari, duk mai diga da shebur ya taimaka ya same ni a kusurwar gabas ta tsakar gida. A nan rijiyarmu take kafin in sa a cike ta da ƙasa, makon da aka kawo marigayin. Maryamu ta roƙe ni in bar ta, a ɗora mata marfi kawai. Na yi mata dogon bayani, har da misalai daga littattafai. Ba ta sake tada maganar ba har ta koma ga Allah.

Maryamu, ke ce da gaskiya.