Jan Ɗigon Dakta Mu'az da San Jibo

Allah Ya yi wa Tudun Kaya gata da Ya ba ta Mu'az. Kwana uku kacal ya yi a wani taron bita a birni, ya dawo da farar riga har gwiwa da sabon suna, Dakta Leza. A can aka nuna musu hotunan ɓerayen da aka yanke wa agara, aka riƙa haska musu hasken leza har ta haɗe. Mai jawabin yana nuna hotunan a bango da wani ɗan alƙalami mai fitar da jan ɗigo. Gogan naka, da yake kansa na ja, nan take ya gane cewa alƙalamin shi ne na'urar da ta warkar da ɓerayen. Kafin ya hau mota ya sayi irinsa a kasuwa.

Jibo ne ya fara cin moriyar wannan ilimi. San huɗarsa ya zame a rafi, agara ta kumbura, ga damina saura mako uku, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. Tsoho Liti maɗori ya riga ya ɗaure ƙafar da karare, ya ce a bar shi ya huta. Amma hankalin Jibo ya ƙi kwanciya, domin abincin gidansa na shekara yana kan ƙafar nan.

Dakta ya iso, ya dubi ɗaurin, ya taɓe baki.

"Malam Jibo, duniya ta wuce tsumma da kara. Mu masu bincike da haske muke aiki. Kwance ɗaurin nan."

Jibo ya kwance kararen. Kwana uku Dakta na ɗiga jan ɗigo a kan ƙafar san, yana duban agogo, yana gyaɗa kai. A rana ta huɗu ya ce an warke, a kawo karkiya. Don ya tabbatar wa jama'a, ya durƙusa ya matse agarar da ƙarfi.

San ya ba da sakamakon bincike da ɗaya ƙafar, ya harbi Dakta daidai gwiwa.

Tausayi ya kama Jibo. Ya tsinci alƙalamin a cikin kashin shanu, ya goge, ya soma haska masa gwiwar a natse.

Dakta ya daka masa tsawa daga kwance, "Kai, ni ɓera ne? Ku kira mini Liti!"

Liti ya zo da kararensa. Ya dubi majinyatan biyu, ya wuce wajen san.

Ya ce, "Dakta, yi haƙuri. Bari mu fara da mai aikin yi."