Tsinke Ɗaya, Gida Duka

Ranar da ƙanena ya aiko da abin gwajin korona daga garin Rufa'a, ji na yi kamar an naɗa ni likitan ƙauye. Guda ɗaya tak ya aiko, saboda Kawu Isa da ke ta fama da tari, ga cirar gyaɗa ta matso a hawasharmu, wato gonar da muke nomawa. Na wanke hannu har gwiwa, na tara mutanen gida a inuwar rakuba, rumfar tsakar gidanmu, maƙwabta suna leƙowa ta katanga.

Nan take wata dabara ta faɗo mini. Tunda a siniya ɗaya, babban farantinmu, muke cin abinci, me zai hana mu yi gwaji ɗaya? Na fara zura tsinken gwajin a hancin Kawu don girmamawa, sannan Inna, sannan matata, na rufe da nawa. Na jiƙa tsinken a ruwan gwajin, na ɗiga a kan abin, muka zuba ido.

Layi biyu suka fito jajur. Na ɗaga abin sama ina murna, na ce, "Ya yi aiki, akwai cutar!"

Inna ta gama atishawa ta ce, "To, ɗan nan, a hancin wa take?"

Na juya abin gaba da baya. Babu sunan kowa a jiki.

Kawu ya yi tari ya ce, "Ɗazu a nawa take. Yanzu kam ka raba ta da adalci."

Gyaɗar waccan shekarar maƙwabta suka cire mana, mu duka muna kwance. Har yau in aka zo rabon naman layya, sai wani ya ce, "Ku miƙa masa wuƙar, shi ba ya hana kowa rabonsa."