Yadda Na Zama Janar Ta Taga

Shekarar da aka yi Olamfik a Sin, ina Guangzhou ina dafa wa 'yan kasuwarmu na Kano tuwo a gida. Ni ba mai fita ba ce, sai dai in leƙa ta taga. Ta tagar nan kuwa nakan hango ɗaliban wata jami'a sanye da kakin soja suna fareti. Da wannan kallon na zama masaniyar harkar soja.

Sai ƙanena Habibu ya bugo waya daga gida. Yana cikin sojojin ko-ta-kwana, yana neman makarantar hafsoshi, kuma shekarunsa sun zo iyaka, damarsa ta ƙarshe ke nan.

"Yaya, an ce sai na ajiye aikin sojan da nake yi kafin makarantar ta duba ni."

"Kai Habibu, kar ka saki ko ɗaya! Da idona nake ganin yara a nan suna haɗa soja da karatu. Sin ma ke nan, balle mu?"

Maigidana ya ce, "Hajiya, kin tambaya kuwa?" Na ce ya ci tuwonsa.

Habibu ya bi maganata. Ranar tantancewa aka gano har yanzu yana rundunarsa, aka cire shi daga masu neman makarantar. Ashe yaran tagata atisayen sababbin ɗalibai kawai suke yi, na 'yan makonni.

Har yau Habibu bai taɓa yi mini gori ba, abin da ke hana ni sukuni ke nan. 'Yan kasuwa kuwa ba su da wannan kunyar. Da sun shigo sai su ƙame a bakin ƙofa, su sara mini: "Janar, a taimaka da ƙarin miya."