Ranar da na ce injin Balarabe ba shi da lafiya

Ba zan taɓa mantawa da zuwana Dubai na biyu ba, lokacin ina saro kayan gyaran mota ina kaiwa kasuwar Ƙofar Ruwa. A unguwar Al Ras na sauka, ɗaki ɗaya da Awudu, wani ɗan Zangon Kumasi mai goge motoci a wani gareji da ke jikin filin tseren motoci a bayan gari. Tun da na zo nake cika masa baki cewa da kunne kaɗai nake gane ciwon inji. (Gaskiyar magana, sayar da fulogi na iya, ban taɓa kwance inji ba.)

Ran Asabar ya ja ni wurin aikinsa. Muna shiga aka tayar da wata jar mota, tsohuwar ƙirar Amurka, doguwa kamar kwalekwale. Injin ya kama gurnani yana sarƙewa, motar tana jijjiga, har ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafata. Na leƙa bonet, na ga kafireta biyu a kan silinda takwas, na girgiza kai.

"Wannan injin ya gama yawo," na ce da ƙarfi. "Fulogi biyu ba sa kawo wuta."

Awudu ya taka mini ƙafa. Amma mai motar, wani dattijon Balarabe mai furfura, ya riga ya ga hannuna yana nuni, ya tambayi abin da na ce. Dole Awudu ya fassara. Dattijon ya yi murmushi, ya ce wannan ba injin kasuwa ba ne, irin wanda kamfanin ya ƙera kaɗan ne musamman don tsere, kuma haka yake sarƙewa in yana tsaye, sai a guje yake sakin murya.

Da na yi shiru a nan, da na tsira. Sai na ji bakina yana cewa, "Duk da haka dai."

"Yalla, habibi," in ji shi, yana miƙo mini hular kwano. "Zo ka ji shi a hanya."

Awudu ya raɗa mini, "Alhaji, in kana da wasiyya, ba ni yanzu."

Bel ɗin kujerar na ƙugu ne kawai. Ina kokawar ɗaure shi dattijon ya taka totur. Wallahi ji na yi kamar an ɗora mini buhun siminti a ƙirji. Kaina ya bugi kujera, idona ya daina rarrabe komai, ƙarar kuwa har cikin haƙorana. Na hango kwana tana tahowa, shi kuma ko alamar taka birki babu. Na tuna matata da cikin wata takwas, na tuna ban gaya wa kowa a gida inda nake ba. Kalmar shahada ma sai da na yi mata farawa uku.

"Shwaiya! Khalas! Baba, don girman Allah!" Daga nan Larabcin ya ƙare, na koma kiran Innata, na ƙanƙame hannun mutumin da ke riƙe da sitiyari da hannu bibbiyu. Motar ta yi wani lilo, ya daka mini tsawa, ya fizge hannunsa, ya rage gudu.

Daga ƙarshe dai muka tsaya. Da rarrafe na fito, a gaban ma'aikata kusan goma. Dattijon ya ce wani abu, kowa ya fashe da dariya.

"Me ya ce?" na tambayi Awudu.

"Wai ɗumama injin yake yi, ko giya ta uku bai shiga ba." Sai ya kalli farin wandona, ya kalli kujerar, ya cire rigar aikinsa ya ɗaura mini a ƙugu. (Har gobe ina cewa gumi ne. Ai kowa ya san zafin Dubai.)

Ni da kaina na wanke kujerar, dattijon yana tsaye yana shan shayi.

Tun daga ranar, ko janareton maƙwabci ne ya yi tari aka tambaye ni, cewa nake a kira bakanike. Na gane kunnena lafiyarsa ƙalau, bakina ne ba shi da birki.